Babi na Bakwai: Gadon da Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

A cikin kayan da mai sha'awar ƙananan jiragen ƙasa yake bari idan ya kwanta dama, kawunan jirage da taragai ba sa ba magada wahala. Kowanne yana da kwalinsa da lambarsa a kundin kamfanin da ya ƙera shi, kuma a Ingila akwai dillalan da ba su da sana'a sai sayen irin waɗannan. Ana kiransu za su zo su ƙirga, su yi kuɗi, su kwashe. Abin da ke tsaya wa iyali a wuya shi ne shimfiɗar kanta, wato teburan katakon da aka jera a jikin bango, aka kafa dogo a kansu, aka gina tasha da gada da tuddai da 'yan gidaje, aka saƙa wayoyin wuta a ƙarƙashi. Mutum zai yi shekara ashirin ko talatin yana gininta, amma ranar da aka sa ta a kasuwa da ƙyar a sami mai taya ta ko da kuɗin katakonta. Sau da yawa tallar da ake liƙawa a allon sanarwar kulob ɗin masu wannan sha'awa ba ta wuce cewa kyauta ce ga duk wanda zai zo ya kwance ta kafin a sayar da gidan. Idan wa'adi ya cika ba wanda ya leƙo, sai bola.

Dalilin a fili yake. An auna ta ne da ɗaki guda, da lungunsa da tagarsa da bututun hayaƙin da ya ratsa ta gefe. Da yawa ma a saman silin suke, a ɗan sararin da ke ƙarƙashin rufin gida, inda ba a shiga sai ta wata 'yar kafa da tsani. Guntu-guntu katakon ya hau, a can aka haɗa shi, don haka ba zai sauko a haɗe ba. Wanda ya karɓi irin wannan kyauta ya san zarto zai fara sa mata kafin komai.

Irin waɗannan shimfiɗu sun yi yawa yanzu, kuma lissafin shekaru ne ya kawo haka. Yaran da aka saya wa jirgin Hornby Dublo ko na Tri-ang a shekarun 1950, lokacin da jirgi mai tururi yake ratsa ƙauyukan Birtaniya, su ne dattawan da yau suka haura saba'in da tamanin. Wasu sun rasu, wasu sun koma ƙaramin gida, wasu gwiwa ta hana su hawa tsani. A watan Janairun 2024 labari biyu suka kaɗa masu wannan harka. Kantin Hattons, wanda aka buɗe a Liverpool tun 1946, ya ce zai rufe. Kulob ɗin Warley kuma ya sanar cewa ya daina shirya babban baje kolin da ya yi kimanin shekara talatin yana yi a Birmingham, kuma cikin dalilan da ya bayar har da tsufan masu aikin sa kai. Masu bayarwa suna ƙaruwa, ɗakunan da za su karɓa ba sa ƙaruwa.

Galibi kulob ne ke karɓa, ko wasu abokai huɗu ko biyar da ɗayansu yake da gareji. A ganina haka ya fi dacewa. Mutum ɗaya yana iya gina shimfiɗa shi kaɗai, tun da duk abin da bai iya ba zai kauce masa. Amma mai tayar da ta wani ba shi da wannan zaɓi. Abin da marigayi ya ƙware a kai da abin da ya yi wa ƙwange duk sun zo tare, kuma da wuya a sami mutum guda da ya iya kafinta, ya iya wuta, ya iya fenti, ya kuma san tarihin layin da aka kwaikwaya.

Wanda bai saba ba, idan aka kai shi ganin shimfiɗa, tasha zai tsaya kallo, da 'yan mutanen da ke jiran jirgi, da shanun roba a gefen tudu. Tsofaffin hannu kuwa durƙusawa suke yi su shige ƙarƙashi da tocila, kamar yadda bakanike yake yi wa mota 'yar Kwatano kafin ya ce a biya. Katako suke fara dubawa. A shekarun 1960 da 1970 abin da aka fi yi shi ne a haɗa firam da siraran katako masu inci biyu a faɗi, ɗaya a kauri, a ɗora wani allo mai laushi da ake kira Sundeala, wanda da matsattsiyar takarda ake yin sa. Yana karɓar 'yan ƙusoshin dogo cikin sauƙi, amma idan maginin ya yi rowar tokara, ko ɗakin yana da laima, sai tsakiyarsa ta lotsa, dogo ya bi shi. Wasu sun yi amfani da allon garin katako, mai nauyin tsiya, wanda da ya sha ruwa yake kumbura. Idan aka ga 'yan ƙananan huji da gari a ƙasansu, ƙwaron katako ya shiga, kuma babu kulob mai hankali da zai kai wannan allo kusa da sauran kayansa. A nan ake yanke hukunci na farko, wanda ya fi kowanne zafi: me za a ɗauka, me za a bari.

Ranar kwancewa ba ranar gaggawa ba ce, ko da magada suna tsaye da makulli. A fara ɗaukar hoton komai, sama da ƙasa. A cire gine-gine a sa a kwalaye. Duk wayar da za a yanke, sai an liƙa mata lamba ɗaya a ɓangarorin biyu kafin almakashi ya taɓa ta. A yanke dogo da siririn zarto daidai inda alluna za su rabu. Daga baya, idan an je sabon wuri, a kafa ƙusoshin tagulla a bakin kowane allo a liƙe ƙarshen dogon a kansu da dalma don kada ya goce, a kuma sa turakun ƙarfe masu shiga juna yadda duk lokacin da aka haɗa alluna biyu za su zauna a wuri guda. Kuskuren rabin milimita a wannan mahaɗa ya isa ya kayar da tarago.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke cinye watanni.

A tsohon tsari, wuta mai ƙarfin bolt 12 tana bin dogo ɗaya ta shiga ƙafafun jirgi, ta juya ɗan injin da ke cikinsa, ta koma ta ɗaya dogon. A ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, a juya ta ya koma da baya. Matsalar ita ce duk jirgin da ke kan layin zai amsa a lokaci guda. Don a iya tsayar da wani a tasha wani yana tafiya, sai an yayyanka layin gida-gida, kowane yanki da wayarsa da makunninsa. Ƙara da mararrabar dogo, wadda kowace tana da ɗan injin da ke ja mata harshe, ƙara da sigina, ƙara da fitilun gidaje, za ka ga shimfiɗa mai tasha ɗaya tana ɗauke da ɗaruruwan wayoyi. Littattafai sun ce a bambanta launi, a kuma ajiye zane. Kaɗan ne suka bi. Mai shimfiɗa ya san kayansa a ka, bai ga dalilin rubutawa ba, kuma wayar da ta zo hannu ita yake sawa, ko ta tsohuwar tarho ce da ya samo a wurin aiki. Sai ka tarar da waya ta tashi ja, a tsakiya ta koma shuɗiya, ta ƙare a baƙa.

Mutum biyu ke wannan aiki. Ɗaya yana kwance rigingine a ƙasa da mitar gwajin wuta, ɗaya yana sama yana taɓa dogo yana faɗin abin da ya gani, kuma idan an yi sa'a akwai na uku mai rubutawa. A hankali halin maginin yake bayyana. Ga inda ya fara yana saurayi, dalmarsa dunƙule-dunƙule. Ga inda hannunsa ya faɗa. Ga makunnin da ba ya kunna komai, ashe na wani layi ne da ya cire shekaru da suka wuce ya bar wayar tana lilo. Ga wata dabara da kowa ya yi wa dariya, aka cire ta, sai jirgi ya riƙa tsayawa a bakin rami, sannan aka gane abin da ya sa ya yi ta. Masu wannan aiki sukan yi maganar marigayi kamar yana ɗaki na gaba, wani lokaci da yabo, wani lokaci da tsaki, alhali wasunsu ba su taɓa sa shi a ido ba.

Abu ɗaya ne ba a jayayya a kansa: tsohuwar taransifoma da wayar bango mai rigar roba da ta bushe ta tsattsage. Wannan ba kayan tarihi ba ce, gobara ce ke jira. Sauran kuwa akwai ja-in-ja. Tun daga shekarun 1990, bayan ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta amince da tsarin da kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, aka sami hanyar da ake kira DCC. Wuta tana kan dogo koyaushe, umarni yana tafiya a cikinta, kowane kan jirgi yana da 'yar na'ura mai lambarsa, ba ya amsawa sai an kira shi. Matasan kulob za su ce a tsige tsofaffin wayoyin nan duka, a ja manya guda biyu, a huta. Dattawa za su ce kowane kan jirgi sai an saya masa na'urar, kuma tsofaffin injuna sai an yi musu tiyata kafin su karɓe ta, tun da a yawancinsu wuta tana bi ta jikin ƙarfen jirgin ne. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa a zama ɗaya. Ko wanne aka zaɓa, akwai aikin da ba makawa. 'Yan maƙalan ƙarfe da ke haɗa dogo da dogo suna yin datti su saki, wuta ta daina wucewa, don haka sai an bi kowane guntun dogo an liƙa masa 'yar wayarsa ta kansa, an zura ta ƙasa. Aiki ne na gundura, kuma shi ne ya fi kowane gyara amfani.

Dogon kansa yana da nasa labari. Na da, na baƙin ƙarfe ne mai tsatsa ko na tagulla mai saurin dushewa. Na yanzu gami ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda ko ya dushe wuta tana wucewa. Tsakuwar da ke tsakanin dogo yawanci da farin gam na kafinta aka kafe ta, an sirka shi da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, kuma albishir ga mai gyara shi ne ruwan ɗumi yana sassauta shi, a ɗaga dogo ba tare da an lanƙwasa ba. Kafin a sayi sabo kuwa sai an auna na da, domin Turawan Ingila sun ɗaura wa kansu wani ƙulli tun shekarun 1930 da har yau ba su kwance ba. Ma'aunin da suka fi so, OO, yana mayar da kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske milimita 4, wato kashi ɗaya cikin 76. A wannan lissafi, faɗin dogo na milimita 1435 ya kamata ya koma 18.83. Amma dogon da suke amfani da shi 16.5 ne, na ma'aunin HO da Jamus da Amurka suke bi, mai kashi ɗaya cikin 87. Jiragen Birtaniya sun fi na waɗancan ƙasashe ƙanƙanta, injunan lantarki na wancan zamani ba sa shiga cikinsu, sai aka ƙara girman jiki aka bar dogo yadda yake. Waɗanda abin ya dama suka fito da EM mai faɗin 18.2, wasu suka ce sai 18.83 cif, suka kira nasu P4. Ido ba ya rabe su da sauƙi, amma jirgin wani ba ya hawa dogon wani. Kulob da ya kwaso shimfiɗa bai auna ba yana iya wayar gari da layin da babu jirgin ko mutum ɗaya a cikinsu da zai bi.

A nan akwai abin da zai ba mai karatu na gida sha'awa. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1067 ne, ba kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mai 1435 ba. Idan aka raba 1067 gida 64 ana samun kusan 16.7, dab da dogon 16.5 da ke cike a kantuna. Masu sha'awa a New Zealand, inda faɗin layinsu ɗaya ne da namu na da, da wannan dabara suke aiki. Duk wanda ya yi niyyar gina tashar Kano ko mahaɗar Zariya a ɗakinsa, dogon dai ba zai ba shi wahala ba.

Kawunan jirage, idan sun zo tare da shimfiɗar, gyaransu sananne ne: a wanke tsohon man da ya daskare, a goge ƙafafu, a sa ɗigon sabo, a farfaɗo da maganaɗisun da ya yi sanyi ko a canza shi. Cuta ɗaya ce ba ta da magani. Wasu sassa da gamin tutiya aka zuba su, kuma idan dalma ta gurɓata gamin tun a masana'anta, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya tsage, ya marmashe a hannu. Tuddai da itatuwa kuwa babban abokin gabarsu ƙura ce da hasken rana. Ana bin su da burushi mai laushi da injin zuƙar shara da aka ɗaura wa tsohuwar safa a baki, don kada ya haɗiye ɗan fasinja ko tunkiya.

Daga nan ne ake isa ga tambayar da ta fi ta wuta wuya. Ciyawar da marigayi ya yi da garin katako mai rini ta koɗe, kuma yau akwai ta zamani mai tsayawa tsaye kamar ta gaske. Gidajensa na kwali ne, tagoginsu da alƙalami aka zana. A canza? Idan aka canza ciyawa, gidajen za su yi muni kusa da ita. Idan aka canza gidaje, aka canza dogo, aka canza waya, aka sake allo, to me ya rage na mutumin? Garin neman gira akan rasa ido.

Akwai shimfiɗu uku da ake yawan ambata idan wannan magana ta taso. Ta farko ita ce Madder Valley, wadda John Ahern ya fara a shekarun 1930, ɗaya daga cikin na farko da suka sa jirgi a cikin ƙasa mai kogi da tashar ruwa da ƙauyuka, maimakon dogo tsirara a kan tebur. Bayan rasuwarsa a 1961 aka kai ta gidan tarihi na Pendon a Long Wittenham, kusa da Oxford. Masu aikin sa kai suna kula da ita, amma kwanaki kaɗan a shekara ake tayar da jiragenta, don tsufa. Ta biyu ita ce Gorre & Daphetid ta John Allen a Monterey ta jihar Kalifoniya, mai duwatsun da suka tashi daga daɓe har kusa da silin. Allen ya rasu a Janairun 1973, kwana goma bayan haka gobara ta cinye ta, tun abokansa ba su gama shawarar yadda za a adana ta ba. Galibi hotuna ne suka rage.

Ta uku ita ta fi kusa da abin da muke magana. Peter Denny limamin cocin Angilika ne da ya yi aiki a yankin Cornwall. Tun ƙarshen shekarun 1940 ya fara gina Buckingham, a ma'aunin EM, yana kwatanta wani reshen layin kamfanin Great Central kamar yadda zai kasance a 1907, ko da yake a zahiri layin wannan kamfani bai taɓa shiga garin Buckingham ba. Kusan komai da hannunsa ya yi, da kayan da wani zai zubar. Kuma ba don kallo ya gina ta ba. Tana da jadawali, tana da agogo, kuma masu kula da tashoshi suna miƙa wa juna jirgi da bugun ƙararrawa kamar yadda ake yi a layin gaske. Da ɗansa da ke riƙe masa ƙarshen layin ya girma ya bar gida, sai ya haɗa wata na'ura ta maye gurbinsa, ya raɗa mata suna Automatic Crispin, da sunan ɗan nasa. Denny ya rasu a 2009. Wani gwanin harkar ya karɓi shimfiɗar, aka kwance ta, aka kai ta wani gari, shi da abokansa suka tayar da ita suna ta lallaɓa dabarun mai ita maimakon tsige su, har suka riƙa kai wani ɓangarenta, tashar Leighton Buzzard, wuraren baje koli.

Hanyar Buckingham ta fi kwanta mini, amma ba zan ce kowa ya bi ta ba. Ba kowane marigayi ne Denny ba. Yawancin shimfiɗun da ake kwasowa daga saman silin aikin mutum ne mai matsakaicin hannu, kuma mayar da su kayan tarihin da ba a taɓawa ba girmamawa ba ce, hanya ce ta barin su su ruɓe a lungun kulob. Abin da na ga ya cancanci a riƙe shi ne tsarin layin, da sunan tashar, da gine-ginen da ya yi da hannunsa, da yadda ya so jirage su yi zirga-zirga. Waya da allo da ciyawa, in sun gaji, a sake su ba tare da jin kunya ba. Shi ma da yana raye da ya sake.

Aikin yana raba kansa bisa hali. Akwai mai son kwanciya ƙarƙashin allo, akwai mai haƙurin zama da burushi mai gashi uku yana gyara tagar kanti, akwai wanda ba ya taɓa komai amma ya san irin taragon da kamfani kaza yake ja a shekara kaza, kuma ba ya barin kuskure ya wuce. Akwai mai dafa shayi, wanda in ya yi fashi ake gane matsayinsa. Ana haɗuwa da daddare sau ɗaya ko biyu a mako, rabin lokacin ma hira ce. Wanda ke shakkar ƙarfin wannan zumunci ya tuna watan Mayun 2019, lokacin da wasu matasa huɗu suka fasa zauren wata makaranta a Stamford da dare, suka ragargaza shimfiɗun da kulob ɗin Market Deeping da baƙinsa suka jera don baje koli washegari. Kulob ɗin ya nemi taimakon fam 500. Abin da aka tara ya haura fam 100,000, ciki har da fam 10,000 daga mawaƙi Rod Stewart, wanda shi ma ya yi shekaru yana gina tasa.

Ranar gwaji ba a fito da jirgi mafi kyau. Ana zaɓar mafi gajarta, mai ƙafafu huɗu, wanda ƙaramin datti ko ɗan giɓi yake tsayarwa, a sa shi ya yi rarrafe ya bi kowane layi da kowace mararraba, gaba da baya, wani yana biye da shi da takarda yana rubuta duk inda ya yi tuntuɓe. Jerin farko yakan cika shafi. A gyara, a sake, sannan a tura dogon jirgi da baya ta cikin mararrabu, domin taragon da ake turawa ya fi wanda ake ja saurin sauka daga dogo. Kulob da yawa tun kafin a kai nan suke karɓar gayyatar baje koli, su sa rana, su yi hayar motar ɗaukar kaya. Sun san kansu. In ba a sa rana ba, shekara biyar za ta wuce ana gardamar launin ciyawa.